Shawarwari kan kullen korona na Kano

Da aka tattauna kan kullen korona na Afrilun 2020 a Kano, shawarar da ta fi rinjaye ita ce kada gwamnati ta sake rufe gari kafin abinci ya isa gidaje. Ɗan dako da mai tura baro sai sun fita suke ci, ga kullen ya faɗo cikin azumi. A nan nake ganin talaka ya fi cutuwa.

Wasu suka ce a fara wayar da kai ta bakin malamai da masu unguwanni, domin da yawa sun ɗauka cutar ta masu kuɗi ce. An kuma ja kunne kan kwashe almajirai zuwa jihohinsu ba gwaji, tunda an samu masu cutar cikin waɗanda aka kai Kaduna.