Matattun kwamfutoci sun cika min shago, yara kuma na ƙona wayoyinsu a bayan gida, ya zan yi?

Mai Sakatariya, Garwa

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin abin nan ku taimaka min da shawara, don tun satin da ya wuce abin ya tsaya min a rai.

Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokofi a nan Garwa, arewacin Kamaru, shekara goma sha ɗaya kenan. Ni dai bakina ba zai taɓa zagin kwamfuta ba, da ita na yi aure, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara huɗu har da marayan yayana. Lokacin konkur, wato jarrabawar shiga manyan makarantu ko aikin gwamnati, ko rajistar jami'a layi har bakin titi yake kaiwa, yaro zai zo daga Gider ko Pitowa da takardunsa a leda cikin minti ashirin mun cike masa komai ta intanet mun tura, abin da a da sai ya hau mota zuwa Gaundere sannan ya kwana a jirgin ƙasa kafin ya ga Yawunde. Akwai tsohuwar da take zuwa duk Juma'a in haɗa ta da ɗanta da ke Faransa ta bidiyo, in kun ga yadda take riƙe gefen allon da hannu biyu sai kun ji tausayi.

To matsalar ita ce ɗakin baya. Matattun kwamfutoci bakwai ne jibge a ciki, da allo mai ƙaton ƙeya guda huɗu, firinta biyu, sai kwali cike da batiran laftop da suka kumbura. Ranar Talata wasu yara 'yan gwangwan suka zo na ba su biyu da allo ɗaya suka ba ni sefa dubu uku, ni har ina murna na rage kaya. Bayan la'asar sai ga baƙin hayaƙi ta bayan gidanmu wajen kwarin da ruwa ke bi, na leƙa sai na tarar su ne, sun tara wayoyin sun ɗora guntun taya sun cinna wuta don robar ta narke su kwashi jan ƙarfen, allon kuma sun fasa shi da dutse sun zare abin da suke so sun bar gilashin a warwatse a inda awaki ke kiwo yara ke wasa ba takalmi. Warin nan har cikin ɗaki, maman yara ta ce maƙogwaronta na ƙaiƙayi, autarmu kuwa kwana ta yi tana tari. Kuma na san ruwan farko in ya sauka duk tokar nan kogin Binuwai za ta nufa, inda muke cin kifi.

Abin da nake so in sani, hayaƙin nan da gilashin nan wace irin illa gare su? Sauran da ke hannuna ina zan kai su? Ga shi kuma ina shirin sayen wasu uku a brokant, wato shagon kayan hannu da ake shigowa da su daga waje, kafin lokacin rajista, shin ba ƙara wa kaina jibgi zan yi ba?

Injiniyan Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba auta lafiya. Gyaran kwamfuta ne sana'ata don haka bari in fara da abin da na fi sani: cikin bakwai ɗin da kake kira matattu, wallahi zai yi wuya a ce duka sun mutu. Yawancin waɗanda ake kawo min an ce sun mutu, ƙura ce ta kashe su ba tsufa ba. Ka san hunturunmu, ƙura ta shiga ta toshe fanka ta zama kamar auduga, sai Maris da Afrilu su zo zafi ya haura digiri arba'in, injin ya yi zafi ya riƙa kashe kansa har wata rana ya ƙi tashi. Na biyunsu wuta ce, a ɗauke a dawo da ita da ƙarfi ta ƙone akwatin wutar da ke ciki, wannan kuwa canza shi kawai ake yi. Jiya jiyan nan na buɗe wata na ciro ƙura cike da tafin hannu har da gidan gizo-gizo, na hure na sa sabon man sanyaya a kan kwakwalwar, ta tashi kamar ba ita ba.

Kafin ka je brokant ka kira mai gyara ya zauna a ɗakin nan yini guda. Ya ciri ram, ɗan faifan da injin ke riƙe aikin da yake kai, daga wannan, akwatin wuta daga waccan, ina sa ran za a haɗa maka biyu ko uku masu aiki. In ka cire tsohon diski mai juyawa ka sa SSD, sabon nau'in ma'ajiya mai sauri da ba ya juyawa, ko ƙarami ne, injin ɗan shekara goma zai yi maka buga takarda da cike fom ba tare da ya ja ƙafa ba. Kuma ka yi hankali da kayan da ke shigowa yanzu, tun Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, injina da yawa ba sa ɗaukar Windows 11, ofisoshin Turai na fitar da su, irinsu ne ke cika kwantena. Ba wai ba su da kyau ba ne, wasunsu ma sun fi sababbin arha ƙarko, sai dai kar ka sayi wadda ba a kunna a gabanka ba, ka bar ta a kunne ko rabin awa ka taɓa ka ji zafinta. Ni Linux Mint nake sa wa tsofaffin a madadin Windows, kyauta ne kuma ba ya da nauyi.

Batiran da suka kumbura kuwa dan Allah yau ɗin nan ka fitar da su daga kwali. Lityum ne a ciki, in ya huje ko zafi ya yi masa yawa wuta yake kamawa da kansa kuma kashe ta wahala gare shi. Ka sa su a bokitin ƙarfe da yashi a inuwa, nesa da takardunka, kar ka bar yaro ya sa musu ƙusa.

Malama Maman Ihsan, Gaundere

Ɗan'uwa sannu da wannan tashin hankali. Ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma abin da ka gani ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. In tarin yarinyar bai lafa ba ku kai ta asibiti ku gaya musu ainihin hayaƙin da ta shaƙa.

Gilashin allon nan mai ƙaton ƙeya an haɗa shi da dalma don ta tare haske mai illa irin na X-ray da ke fita daga ciki, guda ɗaya kan ɗauki kilo ɗaya ko fiye. Muddin yana a rufe ba a fasa ba babu abin da zai yi maka, amma in aka farfasa shi aka bar shi rana da ruwa suna dukansa a hankali dalmar ke shiga ƙasa. Ita kuma dalma ba ta ruɓewa, kuma yara ta fi kamawa saboda komai hannu zuwa baki suke yi, tana taɓa ƙwaƙwalwa yaro ya zama ba ya riƙe karatu ba a san dalili ba. Mu Hausawa mun ga aikinta a Zamfara a 2010 da yara sama da 400 suka rasu, can daga dutsen zinariya ta fito amma gubar ɗaya ce. Tsofaffin allo masu faɗi da laftop na da kuma akwai 'yan siraran fitilu a bayansu masu zaiba a ciki. Robar waya kuwa in ta ƙone guba take fitarwa da ake kira dayoksin, tana sauka a ƙasa da ciyawa, akuya ta ci ta taru a kitsenta da nononta, mu kuma mu sha.

Abin da ke ci min rai shi ne ba mu muka ƙera ba amma a wurinmu suke ƙarewa. A 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, abin da aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace wajen kashi 22 cikin ɗari ne kawai. An yi yarjejeniyar Bamako tun 1991 don hana shigo da shara mai guba Afirka, Kamaru ma tana da dokarta kan sharar kayan lantarki tun 2012, amma in an rubuta wa kaya suna na hannu ya shigo, wasu a kwantenar na aiki wasu gawa ne, wa ya tsaya ya kunna su ɗaya bayan ɗaya? Sannan ta can farkon ma daga ƙasarmu ta Afirka ake tono, kusan kashi 70 na kobalt ɗin duniya da ake sa wa batir daga Kwango yake fitowa. Ku tuna da laftop 500,000 da aka fara raba wa ɗaliban jami'a a ƙarshen 2017, ƙannenmu da yawa da su suka rubuta kundin kammala karatu, alheri ne babba, amma yau duk batiran nan suna wani wuri, a ƙarƙashin gado ko a bola.

Shi ya sa na goyi bayan Injiniya ɗari bisa ɗari. Mafi yawan hayaƙin da laftop ke jawo wa duniya tun a ma'adinai da masana'anta aka riga aka fitar da shi kafin ma ka buɗe kwalinta, don haka duk shekarar da ka ƙara wa tsohuwa ka hana a tono a ƙera wata.

Ɗan Gwangwan, Kuseri

Malama na ji bayaninki kuma gaskiya ne amma ku yi mana adalci. Ni sana'ar nan na taso a ciki, yaran nan da kuke gani ba don suna son hayaƙi suke ƙonawa ba, su suka fi kowa shaƙarsa, da dare ka ji ƙirjinsu kamar ana jan zarto. Mai saye a kan sikeli jan ƙarfe zalla yake so ba ya sayen roba, in ka kai da robar ya rage maka kuɗi sosai, yaron da bai karya ba tun safe wanne zai zaɓa? Waya mai kauri muna feɗe ta da reza ba ma ƙonawa kuma ta fi tsada ma don ba ta yi baƙi ba, sirarar ce ke cin lokaci. Kuma ba don mu ba da kayan nan suna nan a kwata sun toshe hanyar ruwa.

Malam mai sakatariya in za ka ba da kaya kar ka ba yaran da ke yawo da buhu, ka je wurin ubangidansu da kanka. Koren faifan da ke ciki kar a ƙona kar a fasa, akwai masu sayensa daban da kilo saboda ɗan zinaren da ke jiki, shi ya fi komai daraja a kwamfutar. Allo mai ƙeya dai gaskiya ba mai son gilashinsa, mu ma kaya ne a kanmu.

Ɗalibi, Njamaina

Yayyena ku ba ni dama in ƙara ɗaya ta wajen wuta. Mu nan Cadi kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke da lantarki, a unguwarmu in ka ga shagon kwamfuta a buɗe to janareta ne ke kuka a ƙofa yana zuba hayaƙi a fuskar mai shayi. Babbar kwamfuta da tsohon allo tana iya shan wat 150 ko fiye, laftop kuwa yawanci ba ta wuce 60, kenan da faifan sola biyu da batir mai kyau za ka yi yini kana aiki. Ku a Garwa kuna da madatsar Lagdo amma ai kun ga yadda wuta ke yi in ruwa ya ja baya, har sai da aka kafa tashoshin sola a Marwa da Gider. Batirin solar ma in irin mai ruwa ne dalma ce cike da shi, in ya mutu a mayar wa mai sayarwa kar a zubar da ruwansa a ƙasa.

Ko bidiyon da muke kallo a waya a wasu manyan ɗakunan kwamfutoci yake ajiye a ƙasashen waje, dare da rana suna shan wuta ana sanyaya su, a 2024 sun sha wajen kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na lantarkin duniya baki ɗaya. Amma ni da kwamfutar aro na koyi lissafin da ba mu da littafinsa a laburare, ba zan ce a daina ba.

Mai Sakatariya, Garwa

Na gode ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun kai auta an duba ta an ba ta magani, tarin ya yi sauƙi alhamdulillahi.

Injiniya maganarka ta fito, na kira wani yaro mai gyara jiya ya wuni a ɗakin, cikin biyar da suka rage ya tayar da biyu, ta uku ya ce sai an samo akwatin wuta. Na fasa zuwa brokant, SSD biyu zan saya. Batiran suna bokiti da yashi ƙarƙashin darbejiya. Da safe ni da babban ɗana muka sa safar hannu muka tsince gilashin nan a buhun siminti biyu, muka kankare tokar da shebur, sai dai ƙananan ɓarɓashin sun riga sun shige yashi ba yadda muka iya. Na yi wa mai unguwa magana ya ce zai kira ubangidan yaran su zauna ranar Asabar, ɗan'uwa na Kuseri zan faɗa masa maganar reza da faifan nan kamar yadda ka ce.

Saura allo uku masu ƙeya da buhu biyun nan, na jingine su a lungu na rufe da buhu don kar yara su taɓa. Malama in kin san masu karɓar irinsu ko a Yawunde ne ko Duwala ki sanar da ni, akwai direban babbar mota maƙwabcina da ke sauka kudu duk wata, ya ce zai ɗaukar min.