Keken da fedarsa ke juyawa baya, yana da amfani kuwa?

Ɗan Jidda: Salam 'yan uwa. A wajen gashin ƙashi an ɗora Baba kan wani keke mai inji, feda na juyawa baya da kanta shi kuma aikinsa kawai ya riƙa tare ta. Ko haki bai yi ba amma washegari cinyoyi sun yi tsami. Anya wannan motsa jiki ne?

Ummu Sani: Sosai ma ɗan uwa. Tsokar tana miƙewa ne alhali tana riƙe da nauyi, kamar saukowa daga dutsen Jabal Nur na Makka, ai hawa ke sa haki amma saukowa ke kama cinya. Iskar da jiki ke ci kaɗan ce, zuciya ba ta wahala, shi ya sa ake ba tsofaffi da masu ciwon huhu.

Bakano a Makka: Ƙarfin da zai fara gani ma ba girman tsoka ba ne tukuna, jijiyoyi ne da ƙwaƙwalwa ke koyon sarrafa ƙafar, saƙo na isa daidai sai tashi daga kujera ya yi sauƙi. Tsamin yakan tsananta kwana 1 zuwa 3, amma in ya sake hawa keken karo na biyu yana raguwa sosai. Kar dai a ƙara masa nauyi da gaggawa, Allah ya ba Baba lafiya.