Kunama da aukuwa: sunayen abin da ke tayar da aiki a manhajojin jera ayyuka

A manhajoji irin su Zapier da n8n da Power Automate, mutum yana jera akwatuna a allon kwamfuta, ya haɗa su da layuka, kowane akwati da aikinsa. Akwatin farko ya bambanta da sauran, domin jira yake yi wani abu ya faru a waje, kamar shigowar imel, ko cike fom, ko cikar ƙarfe takwas na safe, sannan ya tayar da waɗanda ke biye da shi. Da Turanci ana kiran wannan akwati trigger, abin da ya faru kuma event, kuma su ne muke nema wa suna da Hausa.

Na biyun ba shi da wuya. "Aukuwa" ta wadatar, tunda "lamari" ya cika faɗi, "taro" da "biki" kuwa wata ma'ana ce dabam da ba ta shafi kwamfuta ba.

A kan na farkon ne ra'ayi ya rabu. Wasu 'yan'uwa sun kawo "makunni", kuma hujjarsu, cewa akwatin ne ke kunna aikin, tana da ƙarfi, amma makunni idan an kunna shi a kunne yake zama har sai an kashe. Ban da haka, a Zapier akwai wani maɓalli na musamman da ake kunna jerin aikin gaba ɗaya ko a kashe shi, wanda shi ne ya cancanci wannan suna. Idan muka ba akwatin farko, to shi kuma me za mu ce masa? "Sanadi" ma an ambata, sai dai ya fi kusa da aukuwar kanta.

Ni dai ina goyon bayan "kunama", wato irin ta bindiga, domin kowane ja harbi ɗaya yake bayarwa, kamar yadda imel goma za su sa aikin ya gudana sau goma, kowanne ya fara ya ƙare da kansa. Kalmar kuma ta zo da aikatau nata: ana ɗana kunama, tana kuma tashi. Rabe-rabenta ma ba sa wahalar faɗa. Akwai kunamar lokaci, da kunamar hannu wadda ake gwaji da ita, da kunamar nan take wadda wata manhaja ke aiko mata da labari da zarar abu ya auku, da kunamar leƙe wadda ke zuwa dubawa da kanta, a Zapier tsakanin minti 1 zuwa 15 gwargwadon tsarin da mutum ya biya.

Masu tsoron kada ɗalibi ya ɗauka mai harbi da wutsiya ake nufi suna iya cewa "kunamar aiki" a farkon darasi. Bayan nan jimla kamar "ka ɗana kunamar leƙe a kan akwatin imel, idan aukuwar ta zo aikin zai tashi" ba ta buƙatar ƙarin bayani.