Baƙo a Sakkwato: gidan haya na kwanaki, otal, ko gidan dangi?

Malam Sahabi, Arkilla

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ɗaya ce ke yawan zuwa daga mutanen Kano, Abuja da Birnin Kebbi. Mutum zai shigo Sakkwato jinya a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko biki, ko yaye ɗalibai, ko aikin ofis. Shin ya kama gidan nan mai kaya a ciki da ake bayarwa na 'yan kwanaki, ko ya wuce otal? Masu karɓar baƙi da masu sauka, kowa ya kawo abin da ya sani. Don Allah ban da talla.

Injiniya Murtala

Wa alaikumus salam, Malam. Ta wuta zan fara, don daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ita ke raba gardama.

A tallan gida za ka ga an rubuta wuta awa 24. Tambayi wace wuta ce. Idan an ce sola da inbata, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, a gaya maka batir nawa ne kuma wane iri. Batir mai amfiya 200 a kan bolt 12 yana ɗauke da kilowat-awa 2.4 a takarda, amma irin na ruwa ba a son a zuƙe shi fiye da rabi. Guda huɗu ke nan abin da za ka mora bai cika kilowat-awa 5 ba. Esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan kilowat ɗaya da ɗoriya, kuma a Afrilu injinsa kusan ba ya hutawa. Ka kunna ƙarfe goma na dare, kafin uku komai ya mutu, har fanka da firji. Shi ya sa gidaje da dama ba su haɗa esi da inbata ba sam. Fitila da fanka da talabijin ne a kai, esi sai an kawo wutar kamfani ko an ta da janareta. Ba ƙarya aka yi maka ba da aka ce awa 24, kai ne ba ka bi ba'asi ba.

Janareta mai kVA 3.5 zai ɗauki esi ɗaya da firji, yana shan wajen lita ɗaya da rabi a awa idan an ɗora masa kaya. Kwana ɗaya na awa goma, lita 15 ke nan. A san wa ke sayen man tun kafin a biya. Haka mita: idan ta kati ce, ka ɗauki hoton yunit ɗin da ke ciki ranar shiga.

A otal duk wannan ba ruwanka. Abin tambaya ɗaya ne: ƙarfe nawa ake kunna janareta, ƙarfe nawa ake kashewa? Ƙananan gidajen baƙi da yawa suna kashewa bayan asuba, ba za su sake tayarwa ba sai yamma.

Umaru mai famfo

Injiniya ka manta da mu. Gida mai bohol, idan babu wuta injin ba zai tura ruwa sama ba. Tankin lita 1,000 ga mutum shida masu wanka sau biyu ko uku, ga wanki, ga banɗaki mai zuƙe lita shida zuwa tara duk ja ɗaya, da ƙyar ya kai kwana biyu. Ka buɗe famfon banɗaki da na kicin tare ka ga ƙarfinsu. Ka tambaya ko 'yan ga-ruwa na shigowa layin da kura, don wasu rukunin gidajen mai gadi ba ya barinsu. Kuma tankin roba da ke tsakiyar rana, ruwansa da azahar ba ya taɓuwa. A tara a bokiti tun da safe.

Hajiya Luba, Gawon Nama

Ga masu jinya, in dai za a wuce mako guda, gida ya fi, kuma ba kuɗi ne kaɗai dalili ba. Majinyacin da likita ya hana gishiri ko mai, ko mai ciwon sukari, ko wanda aka yi wa aiki sai kunu da romo, abincin otal ba nasa ba ne. Otal kuma ba zai bari ki kunna risho ko gas a ɗaki ba. Ga wankin zannuwa da tawul kullum, wanda a otal ɗaya-ɗaya ake lissafa shi. Ga 'yan dubiya daga ƙauye da za su zo su takwas, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, su yi sallah su ci abinci su juya.

Amma a duba kicin ɗin da ido. Ana cewa akwai komai, ki je ki tarar da tukunya biyu ƙanana, wuƙa marar kaifi, babu muciya, babu turmi, babu kula ta kai abinci asibiti. Ki ɗaga tukunyar gas ki ji nauyinta. Mai kilo 6 idan ana girki sau uku ga ruwan zafin majinyaci, ba ta daɗewa. Kula da filas dai ki taho da naki.

Sai nisa. Gida mai kyau a can ƙarshen gari ba shi da amfani ga wadda za a kira ƙarfe biyu na dare a ce ana neman jini ko magani. Da rana akwai Keke Napep da kabu-kabu ko'ina, tsakar dare kuwa sai mai mota. Gara madaidaicin gida kusa da asibitin, a Gawon Nama ko Runjin Sambo, da katafaren da ke nesa.

Buhari Shehu

Hajiya gaskiyarki, amma bari in kare otal. Mutum ɗaya, kwana ɗaya ko biyu, ya zo taro ko jarrabawa ko ganawa, gida wahala ce. Jirgi ya sauka filin Sultan Abubakar III da yamma ko motar Kano ta makara, otal akwai mai karɓa kowane lokaci. Gida kuwa makulli na hannun wani yaro da wayarsa ta mutu. Esi ya lalace a otal, a canza maka ɗaki. A gida sai gobe in mai gyara ya samu zuwa.

Ma'aikaci kuma yana buƙatar rasit mai hatimi da ofis zai karɓa. Masu gida da yawa a asusunsu na kansu ake tura kuɗi, ba takarda. Abin lura a otal shi ne farashin da aka faɗa maka: tambayi ko harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin hidima suna ciki, da ko akwai karin kumallo.

Malama Asma'u

Ga lissafi, misali ne kawai, kowa ya sa farashin da ya tarar. Iyali mutum shida, ɗaki uku a otal, a ce kowane naira 30,000, dare ɗaya 90,000, ban da abincin rana da na dare. Gida mai ɗaki uku a ce 70,000, man janareta lita 15 a ce 15,000, ya zama 85,000. A kwanan farko kusan kunnen doki ne, har gida ya fi tsada idan ka haɗa la'adar dillali. Ribar gida tana fitowa ne daga tukunya da kuma ragin da ake yi wa mai mako ko wata. Idan ba girki za ku yi ba, rabin hujjar kama gida ta tafi.

Alhaji Ɗan Ige

Allah shi gafarta Malam Sahabi, wanga zance namu ne. Airbnb, manhajar kama irin waɗanga gidaje ta intanet, da ire-irenta sun fi ƙarfi Legas da Abuja. Nan Sakkwato mafi yawan gidajen ta hannun dillali, ko WhatsApp, ko Instagram anka san su, ke nan babu kamfanin da zai riƙe kuɗinka har ka shiga. Kai ne za ka tsare kanka.

Kada ka tura ko sisi don hoto. Hoton gidan Abuja ana liƙa mai sunan Sakkwato. Ka tura ɗan'uwa ya tai ya gani, in babu, a yi kiran bidiyo kai tsaye: a faro daga bakin titi, a nuna ƙofa, a shiga, a kunna esi, a buɗe famfo, a ja ruwan banɗaki kana kallo. Wanda ya ce mutane sun yi yawa ka yi maza ka biya duka, ƙyale shi. Kafin alƙalami kaɗan ya isa, cikon sai makulli ya shiga hannu.

Inda anka fi rigima shi ne kuɗin ajiyar da ake karɓa saboda ɓarna. Ranar shiga ku zagaya da mai kula da gidan, ka ɗauki bidiyo: fuskar talabijin, rimot nawa, tabon katifa, fasasshen tayil, kofuna da faranti. A rubuta ko a saƙon waya ne ranar da za a maido kuɗin da abin da za a iya cirewa. Waɗanda sunka yi haka ba su cika dawowa da ƙara ba. La'ada kuma a faɗe ta tun farko, a san mai gida ka biya ko baƙo.

Wasu masu gida suna neman katin shaida, wasu har shaidar aure, kuma suna ƙayyade yawan masu kwana. Ba wulaƙanci ba ne, gida cikin unguwa yake, maƙwabta da mai unguwa suna kallo.

Inna Balkisu, Mabera

Ɗan Ige, a ƙara da maganar biki. Dangin amarya su kama gida da sunan mutum shida, ranar kamu mata arba'in a ciki, ga lalle a kan kujera, ga masu kiɗa. Kuɗin ajiya ya tafi, har a nemi ciko. A gaya wa mai gida gaskiya, wasu suna yarda idan an ƙara musu.

Ni dai ban cire gidan dangi daga lissafi ba. Wanda ke da yaya ko gwaggo a garin nan ya wuce otal ba sallama, za a yi maganar shekara da shekaru. Amma liyafar baƙo a sunna kwana uku ce, abin da ya wuce sadaka ce. Jinyar wata guda a gidan mai ɗaki biyu nauyi ne ko ba a faɗa ba. Abin da ke tafiya daidai shi ne tsofaffi su sauka wajen dangi, sauran a kama musu gida kusa, kuma a shigo da buhun shinkafa da galan ɗin mai, kada a zo hannu rabbana.

Buhari Shehu

Alhaji, tambaya. Lokacin hunturu hazo kan sa a ɗage jirgi, majinyaci ma ba a san ranar sallamarsa ba. A otal ka sauka wajen masu karɓar baƙi kafin sha biyun rana ka ƙara kwana. A gida fa?

Alhaji Ɗan Ige

Sai in ba a ba wani ba. Ƙarshen mako da lokacin bukukuwa, musamman bayan sallah da watan Disamba, sau da yawa wani na jiran ka fita. Tun ranar shiga ka ce mai yiwuwa ka ƙara, a yanke farashin ƙarin, a kuma yarda za a tuntuɓe ka kwana biyu kafin a karɓi kuɗin wani. Mai jinya ya biya mako-mako, kada ya biya wata a dunƙule, don in anka sallame ku da wuri ba kowane mai gida ka maido saura ba.