Mai wa'azin trotro ya ce mu ɓarayi ne

Maman Rahila: Salama gare ku. Yau raina ya ɓaci. Muna jiran trotro, wato ƙaramar motar haya, ta cika a tashar Kejetia da ke Kumasi, Ghana, wani mai wa'azi ya tsaya bakin ƙofa, Littafi Mai Tsarki a hammata, ko buɗe shi bai yi ba. Wai Malakai 3 ta ce wanda bai ba bawan Allah zakka ba ɓarawo ne, ciwon da ke gidansa ma daga nan yake. Sai ya karanto lambar MoMo ɗinsa, wato ta tura kuɗi ta waya. Wata tsohuwa kusa da ni ta kwance bakin zani ta miƙa masa sidi 20, kuɗin mota kaɗai ya rage mata. Da na sauka Aboabo na duba. Aya 10 cewa ta yi a kai zakka ɗakin ajiya don a sami abinci a gidan Ubangiji. Ban ga aljihun kowa a wurin ba. To waye ɓarawon?

Baban Yakubu: Mama, a yi hattara da harshe. Bawan Allah kike kira ɓarawo? Zabura 105:15 ta hana taɓa shafaffu, wato zaɓaɓɓun Allah.

Maman Rahila: Baba, tambaya na yi. Shi ya fara kiranmu ɓarayi, mota guda.

Ɗan Bawku: Baba, da girmanka, a karanta Zaburar daga aya 9. Maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke yawo baƙi a ƙasashen mutane, Allah ya tsawata wa sarakuna saboda su. Ba ta hana tambaya ba. Manzo Bulus kansa, mutanen Biriya kullum sai sun duba Nassi su ga ko abin da ya faɗa haka yake, kuma yabonsu aka yi, Ayyukan Manzanni 17:11.

Tela: Ni dai kalmar ce ba ta zauna mini ba. Ɓarawo shi ne mai ɗauka ba ka sani ba. Tsohuwa da hannunta ta bayar. Ya fizge ne?

Maman Rahila: Ya tsorata ta da ciwo, ai fizge ne.

Tela: To ki ce ɗan damfara.

Baban Yakubu: Wannan ai ya fi muni! Tela, kai ma?

Tela: Baba, gyara nake yi mata, ba ni na faɗa ba.

Alhaji na Asawase: Ku yi haƙuri, ni maƙwabci ne. Mu ma muna da masu cewa a kawo rago da farin ƙyalle kafin a yi addu'a. Halin ɗaya ne, riga ce ta bambanta.

Yaya Talatu: Alhaji, da ma jira kake a taɓa coci ka fito. Ranar da aka yi maganar lasifikar asuba ba mu ji ka ba.

Alhaji na Asawase: Ikon Allah. Goyon bayanku fa na yi. Lasifika kuma, wa ke kwana yana kiɗa ranar Juma'a da dare a bayan gidana?

Yaya Talatu: Ba cocinmu ba ne wannan.

Ɗan Bawku: Jama'a, Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ce zakkar shekara ta uku ta Balawi ce (mai hidimar gidan Allah) da baƙo da maraya da gwauruwa. Ke nan tsohuwar nan ma...

Yaya Talatu: Kai kuma kowa ya san inda kake zuwa tun da ka bar mu. Can ne aka koya maka raina annabawa. Wanda nake zuwa wurinsa ya gaya mini zan sami biza, kuma kowa shaida ne.

Tela: Yaya, bizar ta fito?

Yaya Talatu: Lokacin Allah ne. Kai ka fara fito da ɗinkin da na ba ka tun Ista.

Ɗan Bawku: Ba ni na raina su ba. A Disamba 2021 'yan sandan Ghana da kansu suka gargaɗi masu annabcin mutuwa na daren 31 ga wata, suka ce jefa mutane cikin tsoro laifi ne.

Baban Yakubu: Yanzu ɗan sanda ne zai auna mana annabi? Ai shi ke nan.

Maman Rahila: Har yanzu ba wanda ya buɗe Malakai ɗin.

Baban Yakubu: To, dare ya yi, bari in taƙaita a matsayina na dattijo. Duka mun yarda cewa kiran mai wa'azi ɓarawo bai dace ba, har Tela ya tabbatar. Zakka kuma wajibi ce, ba wanda ya kawo ayar da ta soke ta. Ayoyin Ɗan Bawku suna da kyau, amma ilimin yara ne, sai an zauna da manya. Alhaji mun gode, a riƙa barin na gida ga 'yan gida. Waɗanda ba su biya kuɗin kujeru ba su same ni ranar Lahadi bayan sujada.

Tela: Baba, ni ban tabbatar da komai ba fa.