Me za mu kira "keyword" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "kalmar nema"

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gina shafukan intanet, da malamanmu na Hausa. Akwai wata kalma da muke ta kewaye-kewaye a kanta duk lokacin da muka zauna da ɗan kasuwa muna yi masa bayanin yadda shafinsa zai riƙa fitowa a sahun gaba a Google. Bature yana ce mata "keyword". Mu kuwa kowa da tasa: wani ya ce muhimmiyar kalma, wani mabuɗin kalma, wani ya bar ta da Turancinta ya wuce. Ina so mu tsayar da magana guda. Shawarata ita ce kalmar nema, jam'inta kalmomin nema.

Mu fara sanin abin da za mu raɗa wa suna. Ga mace a Zariya, bikin ƙanenta ya matso, ita aka ɗora wa haɗa lefe. Ta ɗauki waya ta rubuta "farashin shadda a Kantin Kwari". To wannan da ta rubuta shi ne abin. Daga bakinta ya fito, mai shago bai san ma tana yi ba. Aikinsa shi ne ya gano abin da ire-irenta suke rubutawa, ya tanadi shafin da zai amsa musu. Saboda haka duk sunan da za mu zaɓa, dole mai jin sa ya gane cewa kalmar ta mai saye ce.

A nan "muhimmiyar kalma" ta gaza. Ka ce wa mai yadi ya kawo maka muhimman kalmomin kasuwancinsa, zai kawo maka inganci, amana, rahusa, da sunan shagon da ya gada wurin mahaifinsa. Duk suna da muhimmanci a wurinsa, kuma bai yi ƙarya ba. Amma wa ya taɓa rubuta "amana" a Google yana neman atamfa? Sunan ne ya ɓatar da shi, ya sa ya duba zuciyarsa maimakon ya saurari masu shigowa shagon.

Malamanmu na jami'a suna da tasu, "fitilun kalmomi", waɗanda ake jerawa a ƙarƙashin tsakuren maƙala. Suna ne mai daɗi kuma ya dace da wurinsa, domin a can marubuci ne yake zaɓar kalmomin da za su haska abin da ya rubuta. A bar musu ita. Namu aikin daban ne, mu bin sawun abin da wasu suka rubuta muke yi.

Sai maganar mabuɗi, wadda na san ita ce ta fi magoya baya. Hujjarsu ita ce Faransanci ya ce mot-clé, Larabci ya ce kalima miftahiyya, duk sun riƙe mabuɗin. Haka ne. Amma a tsarin Hausa, "mabuɗin kalma" yana nufin abin da ake buɗe kalma da shi, kamar mabuɗin ɗaki ko mabuɗin mota, ka ga ma'ana ta juye ke nan. In aka gyara aka ce "kalmar mabuɗi", sai ta je ta yi karo da kalmar sirri da ake shiga asusu da ita. A wannan zamani da 'yan damfara suke bugo wa mutane waya suna neman lambobin banki, ba na son mu saba wa ɗan kasuwa da jin "turo mini kalmomin mabuɗinka" a matsayin magana ta yau da kullum.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Sunan mabuɗi yana dasa wa mutum tunanin cewa akwai wata kalma ta asiri da in ka same ta ka saka, ƙofar Google za ta buɗe. An yi zamanin da hakan ya kusa zama gaskiya. A shekarun 1990 injunan nema suna dogara ƙwarai da yawan maimaita kalma a shafi, da kuma wani ɓoyayyen gurbi a bayan shafi inda mai shi yake jera kalmomin da ya ga dama. Mutane suka yi ta cusawa, har da rubuta farar kalma a kan farin shafi don inji ya gani mutum bai gani ba. Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998, ya zo da auna shafi ta yawan shafukan da suke nuni zuwa gare shi da kuma darajarsu. A 2009 kamfanin ya fito fili ya ce ba ya duba wancan ɓoyayyen gurbi wajen jera sakamako. A 2012 ya fitar da gyaran da ake kira Penguin don dakushe shafukan da suke irin waɗannan dabaru. Gyare-gyaren Hummingbird a 2013 da BERT a 2019 kuma suka ƙara masa fahimtar jimla gaba ɗayanta da abin da mai rubuta ta yake nufi. Yau in ka maimaita "shadda Kano" sau talatin a shafi guda, ba abin da za ka samu sai korar mai karatu, wataƙila ma shafin ya ƙara nutsewa. Me zai sa mu ɗauko sunan da yake koyar da dabarar da ta riga ta mutu?

Wani malamin Hausa ya yi mini gyara, ya ce "farashin shadda a Kantin Kwari" kalmomi biyar ne, ta yaya za a ce mata kalma? Allah ya ƙara ilimi, Malam, tambayar tana kan hanya. Amma Hausa ta daɗe da yarda kalma ta ɗauki magana sukutum. Kalmar shahada jimla ce cikakkiya, ba wanda ya taɓa cewa a sauya mata suna. Haka in aka ce "bai ce mini ko kalma ɗaya ba", magana ake nufi. Ginin sunan kuma irin namu ne, kamar ruwan sha, kuɗin shiga, gidan haya: abu, sannan abin da ake yi da shi.

Wasu sun fi son "kalmar bincike". Bincike yana da nauyi, na ɗalibin digiri ne da ɗan sanda da mai duba littafin kuɗi. Wanda yake son sanin inda ake gyaran janareta kusa da gidansa nema yake yi. "Cigiya" kuma ta abin da ya ɓace ne. Na ji wanda ya ce nema tana da wata ma'ana maras kyau. Tana da ita, amma neman ilimi da neman halal da neman aure duk da ita ake faɗa, ba ta taɓa ɓata su ba. Hasali ma ɗan kasuwa in ya fita da safe cewa yake ya tafi nema, don haka kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnensa.

Abin da ya ƙara tsayar da ni a kanta shi ne tana haihuwa. Mutum mai nema ne, Google da Bing injunan nema ne, abin da ya fito sakamakon nema ne. Sannan muna iya cewa gajeriyar kalmar nema da doguwar kalmar nema, kuma bambancin nan shi ne rabin aikin. "Shadda" gajeriya ce, masu rubuta ta suna da yawa, amma ba ka san abin da suke so ba, wani hoto yake nema, wani tela ne yana duba yayi, ga kuma manyan shafuka sun riga sun tare wurin. "Shadda Getzner sari a Kano" doguwa ce, masu rubuta ta kaɗan ne, amma wanda ya rubuta ta da kuɗinsa a hannu. Ƙaramin shago a nan yake da rabo. Haka "yadda ake wanke shadda" da "farashin shadda": ta farko mai neman sani ce, ta biyu mai shirin saye. Kowace a ba ta shafinta, a sa kalmar a kanun shafin da sakin layi na farko da bayanin hoto, a ci gaba da rubutu irin na mutane.

Wata Hajiya mai sayar da turaren wuta ta tambaya ina ake samo kalmomin nema. Hajiya, fara da wayarki. Buɗe saƙonnin WhatsApp na masu saye ki duba yadda suke tambaya. In suna cewa "humra ta amare", kar ki rubuta "turare mai daraja" a shafinki. Daga nan ki je Google ki fara rubuta "turaren wuta", ki dakata, zai zubo miki ƙarashen da mutane suka saba rubutawa. Google Trends zai nuna miki lokacin da neman abu yake tashi a shekara da jihohin da aka fi yi. In kina da shafi, ki haɗa shi da Search Console, kyauta ne, zai nuna miki ainihin abin da aka rubuta har shafinki ya bayyana, da sau nawa aka latsa, har na tsawon wata 16 baya. Akwai kuma Keyword Planner a cikin Google Ads, sai dai kalmomin Hausa da yawa ba za ki ga adadi a gabansu ba. Kar hakan ya sa ki watsar da su. Google da kansa ya ce kashi 15 cikin 100 na abin da ake nema kullum bai taɓa ganinsa ba, kin ga ba komai ma'auni yake kamawa ba.

Wani abu da ya shafe mu mu kaɗai: mutanenmu ba sa rubutu a waya yadda ake rubutu a littafi. Da yawa "dinki" suke rubutawa babu lanƙwasa, wani ya ce atamfa wani atampa, wani ya gwama Hausa da Turanci a layi guda. Mai saye daga Maraɗi ko Damagaram kuma yana iya rubuta bazin inda na Kano zai ce shadda. Mai shagon da yake aika kaya Nijar ya kamata kalmomin biyu su fito a shafinsa. Ni dai ra'ayina a rubuta Hausa daidai da ƙa'idarta a jikin shafi, amma a riƙa leƙa Search Console ana ganin yadda jama'a suke rubutawa, don shi ne zai nuna kalmar da aka manta.

Ku gwada ta a baki ku ji. "Alhaji, kalmomin neman da muka zaɓa wa shagonka guda goma ne." "Wannan kalmar nema ta yi cunkoso, mu sauya." "Kar ka cusa kalmomin nema a shafi." Ban ji inda harshe ya sarƙe ba, kuma Alhajin da bai taɓa zama aji ba zai gane inda aka dosa.

Wani ɗan'uwanmu na Sakkwato ya ce su a can biɗa suke cewa maimakon nema, haka ma Hausawan Nijar ta yamma da dama. Na karɓa hannu biyu. In mai koyarwa a Sakkwato ko Tawa ya ce wa ɗalibansa kalmar biɗa, ginin ɗaya ne, ma'anar ɗaya ce. A rubuce dai mu riƙe kalmar nema, tunda ita ce ta daidaitacciyar Hausa, kuma masu fassara manhajoji da masu shirye-shiryen fasaha a rediyo da suke cikin wannan zaure ina roƙon ku fara sa ta a aikinku na wannan mako, mu ji yadda masu sauraro za su karɓe ta.