Yaya ake ƙulla sharaɗi da iyayen yaran da ke koyon kalangu?

Assalamu alaikum, masu koyar da kiɗa a gidaje, shawara nake nema daga Gusau. Tsarina shi ne darasi biyu a mako, minti 45 kowanne bayan la'asar, ana biyan kuɗin wata tun farkonsa. Abu biyu sun cije.

Na farko fashi. Da damina ana tura yaro gona, da azumi kuma kowa ya gaji, sai uba ya ce a cire kuɗin ranakun. In an cire, lokacin ya tafi a banza, don ba a iya ba wani shi. Shin sanarwar kwana ɗaya ta isa a rama darasi, kuma sau nawa a wata?

Na biyu ya fi damuna. Yaro yana tafiya da kalangu gida don bita, ya bar shi a rana ko inda laima take, fata ta fashe ko tsarkiya ta tsinke. Wa zai biya gyara? Karɓar kuɗin ajiya wurin makwabci yana da nauyi, rubuta takarda kuma wasu na ɗaukar sa rashin yarda. Ko a yi maganar gaban mai unguwa?